Ƙwara Tara a Tsumman Baba Maharazu

Ranar Laraba, takwas ga watan Mayu na 1957, mako guda bayan Ƙaramar Sallah, wani mai jaki daga Damari ya tsaya bakin rumfar ɗinkina a Ƙanƙara, ya shaida mini Baba Maharazu ya rasu. Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Baba, na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma da na zauna rubutun nan sai dariya ta riƙa kama ni, don ba ka bar mana abin tunawa da fuska a murtuke ba.

Wa bai san ka da tsumma ba? Kafin mutum ya yafa shinkafa a fadamar Damari sai ya kawo maka irinsa. Ka zuba a ruwa, ka kwashe abin da ya taso, ka naɗe sauran cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye gindin randar matarka, Goggo Safara'u. Har takan ce ita dai manomi ta aura, ta wayi gari da ungozoma. Kakan ce sabon iri kwana uku yake fashewa, gaba ɗaya, ya riga ciyawa tashi. Tsoho kuwa sai ya yi ta nawa, ya fito tsalli-tsalli, ciyawa ta danne shi, zangarniyarsa ba nauyi.

Ni ne ban ji ba. Mahaifina Malam Barau, amininka, ya bar mini jar shinkafarsa mai ƙanshi, wadda babu mai irinta sai shi. Da na kama ɗinki sai na ɗura ta a gora, na liƙe da laka, na rataye shekara huɗu cur, ina ganin na riƙe amana. Ranar da na kawo maka ita ina taƙama, ka yi dariya har da riƙe ciki.

Ka ce, "Abdulƙarim, mi ka ɗauki iri? Zinariya? Rai gare shi, tsuhwa yake kamar ni."

Da muka buɗe goran, ƙwari sun ci rabonsu. Abin da ya nutse a ruwa bai cika tafin hannu ba. Sai rana ta bakwai ƙwara tara suka tsiro, sirara kamar zaren ɗinkina. Na ce shi ke nan, na kashe shinkafar ubana da hannuna. Kai kuwa ka ce tara ma arziki ne. Ka dasa su bayan gida, ka kewaye da ƙaya, ka yi damina guda kana gaba da kajin Goggo. Uku suka mutu, shida suka fid da kai. Shekara uku kana juya ta a fadamarka, ko ɗanɗana tuwonta ba ka yi ba.

Da na je gaisuwa, Goggo ta jawo buhun jar shinkafar nan daga ɗaki ta dire a gabana. Ta ce wasiyyarka ce: in kai ta ƙasa bana, in na sake rataye ta ba ka yafe ba. Muka yi dariya muna share hawaye.

Na naɗe ƙwara ɗari a tsumma yadda ka koya mini, Baba. Rana ta uku saiwa ta huda tsumman. Na aika da tiya biyu Sheme, biyu 'Yargoje, saura na jiran ruwan shuka, goran kuwa na ba masu fura.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa kowace zangarniya ta zame maka sadaka mai gudana. Goggo Safara'u, da 'ya'yan Baba, Gide da Hajaratu, da dukan mutanen Damari, Allah Ya ba ku haƙuri. Amin.