Faɗuwar da Na Yi da Jikana a Filin Ƙwallo

'Yan'uwa, na gaishe ku. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Wasu sun kira ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne, jinya na yi. Ni ban yi boko ba, ina faɗa ne 'yata Rifkatu tana rubutawa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Mijinta Bitrus ne ya sayo tikitin ƙwallo, muka shiga Washington da jikana Ishaya, ɗan shekara shida. Kujeru ne jere-jere a kan matakala, kowa da tasa. Amma ana busa usur sai mutanen gabanmu suka miƙe tsaye, suka ƙi zama. Ƙatti ne. Yaron ba ya ganin komai sai bayan mutane. Ya hau kan kujerarsa, irin mai naɗewar nan, ta kusa kama masa ƙafa.

Na ce, "Zo nan, abokina." Na saɓa shi a wuya, yadda muke yi wa yara a gida in ana rawar biki.

Bitrus ya ce, "Baba, ku sauke shi. Wurin nan gangare ne."

Na ce, "Uwarsa ma a wuyan nan na ɗauko ta daga gona. Kai kana ina a lokacin?"

Sai aka ci ƙwallo. Na baya suka yi tsalle suka danno mu. Na ji ƙafata ta bar ƙasa, na ji yaron yana zamewa ta saman kaina zuwa kujerun ƙasa. Ban san yadda na cafko shi na rungume a ƙirji ba. Gefen kaina ya bugi siminti.

Ishaya gwiwa kawai ya kurje.

Masu agajin filin suka ce asibiti. Na ƙi. A gida Rifkatu, da yake nas ce, ta yi faɗa, ta yi roƙo. Na ce kan da ya ɗauki buhun citta ba siminti ne zai fasa shi ba. Na gasa wurin da ruwan zafi, na shafa man zafi, kumburi ya sauka.

Bayan wasu makonni ciwon kai ya zo ya zauna. Kofi ya fara suɓuce mini a hannun hagu. Na ɓoye wa mutanen gida.

Mutanen ƙasarmu kun san aikina a dangi. In an yi haihuwa, ni ne nake tashi in kira sunayen kakanni, daga mahaifina har zuwa wanda ya fara saukowa daga dutse, da matansu. Ba a rubuta ba. A kaina suke.

Wata safiya bayan addu'a na fara kiransu kamar kullum. Na kira mahaifina. Na kira kakana. Sai wayam.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ni da kaina na ce, "Rifkatu, ɗauko mota."

A asibiti a nan Largo, garin da muke zaune, aka tura kaina cikin wata na'ura mai kama da bakin rijiya. Likita ya ce jini ne yake taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙashin kai, yana danne ƙwaƙwalwa, kuma maganin tsinka jini da nake sha don zuciya ya ƙara masa gudu.

Na ce wa Rifkatu, "Tambaye shi, sunayen za su dawo?"

Ta tambaya. Ya ba ta amsa da Turanci. Ta ce, "Baba, ya ce ba zai yi alkawari ba."

Aka aske ni, aka huda kai, aka sa roba tana tsiyayar da jinin. Kowane lokaci nas ta shigo ta haska mini ido da tocila. Yaya sunanka? Ina kake? Yau wace rana? Ina amsa mata, in ta fita sai in yi wa kaina tawa tambayar ta sunayen kakanni, in ji wayam.

Ishaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Ya tambayi uwarsa da Turanci ko shi ne ya fasa wa Kaka kai. Na ce ta gaya masa ba shi ba ne, shi kallo kawai ya zo yi.

Kuɗin asibitin ƙasar nan, inshora ta ɗauki wani, 'ya'yana da matan zumunta na coci suka haɗa sauran. An hana ni jin adadin.

Sunayen ba a rana ɗaya suka dawo ba. Ina koyon tafiya da sanda a baranda, wani ya faɗo mini. Ina shan kunu, wani ya zo. Yanzu ina tafiya da ƙafata, hannun ya kama.

Ɗaya ce ba ta dawo ba, matar da ta haifi kakana. Na kira ƙanwata Saratu a gida. Ta ce, "Yaya, ai kai muka bar wa."

Ga shawarata. In za ku kai yaro kallon ƙwallo, ku tambayi ɓangaren da ake zama da iyali kafin ku sayi tikiti. Kada ya hau kan kujera, kada ku saɓa shi a wuya a kan matakala. Ku kuma masu miƙewa, ku waiwaya, wataƙila yaro ne a bayanku. Tsoho in ya bugu a kai, asibiti a ranar, ko da bai ji ciwo ba.

Na gode wa Allah da ya tsare yaron nan. Na gode wa likitoci, da Bitrus, da duk wanda ya sa ni a addu'a.

Roƙona ɗaya ne. In akwai tsoho ko tsohuwa a wajajen Kagoro da ya san sunan matar Didam maƙeri, mahaifin kakana, ku taimaka ku tambayo mini. Rifkatu za ta kawo mini waya.