Kan Sandar Baba Mai Agogo

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da wani abokina mai walda, a kan babur ɗinsa, ina rungume da rabin sanda a cikin buhu. Kafin in shiga labarin hanya, gara in faɗa muku abin da ya fito da ni, kada wani ya ɗauka zumunci na je.

Ina da rumfar sinuka a bayan tasha, wasan nan da ake buga ƙwallaye da sanda a kan teburi. Akwai wani dattijo Bayerabe da muke kira Baba Mai Agogo. Tun yana saurayi ya zo ƙasar nan, ya yi aikin awon auduga, da aikin ya mutu ya koma gyaran agogo. Duk Lahadi in an taso daga coci yakan zo ya buga wasa da sandarsa ta kansa, irin mai rabuwa biyu: gindi mai nauyi da kai siriri, ana murɗa su su haɗe a tsakiya. Da zai tafi Zariya aikin ido, ni ya bar wa ita amana. Na ɗauke ta na buga wasan caca da ita, aka cinye ni, fushi ya kwashe ni, na maka ta a bakin teburi, kan ya tsage. Ba zan ɗora wa shaiɗan ba, ni ne. Baba zai dawo ran Juma'a, kuma abin da na ƙulla shi ne in samo wani kan in ɗaura, in miƙa masa in yi shiru. Na zagaye Funtuwa ban sami wanda ya shiga ba, sai aka ce in gwada Malumfashi.

Abokina bai bar ni na huta ba. Muna fita gari ya ce, "Kai da dabara. Ka jira sai da aka gyara wa mutum ido, sannan za ka canja masa kaya."

Lokacin kaka ne. Dawa ta fi mutum tsayi hagu da dama, har hanya ta zama kamar lungu. Inda aka girbe masara an jibge ta a kan kwalta tana shan rana, mata na kora awaki. Amma akwai gonakin da muka wuce masarar ta bushe a tsaye, kawunanta sun sunkuya, babu kowa. Mun ga wani ƙauye can nesa da titi, da rumbunansa da komai, ba hayaƙi, ba kukan zakara. Abokina da ba ya rufe baki, a nan wuta kawai ya ƙara. Ni ma ban tambaye shi ba.

A Bakori muka karya. Koko na nan da tsaminsa mai daɗi, amma ƙosai ya rame, yanzu bai fi ƙwan zabo ba, kuɗin kuwa sai ƙiba yake yi. Mai ƙosan ta ce mu je mu tambayi wake. Muka ƙara mai a wurin 'yan bumburutu. Gaba kaɗan 'yan sintiri suka tsayar da mu saboda buhuna, don daga nesa kama yake da bindiga. Na zaro gindin sandar, babbansu ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce wannan ko taɓarya ba ta kai ba, mu tafi.

Mun shiga Malumfashi da hantsi. Kasuwar hatsi ta cika, manyan motoci na lodin masara, ana ta ciniki da ƙarfi kamar faɗa. Aka kwatanta mana shagon kayan wasanni na wani ɗan Ibo, haifaffen garin, wanda Katsinancinsa ya fi nawa. Ya zube mana kawunan sanduna a kan kanta. A nan na koyi abin da na shekara ina sana'a a kai ban sani ba. A bakin kowane gindi akwai ƙusa mai haƙori, a cikin kowane kai akwai ramin da za ta shiga. Wata ƙusar siririya ce, wata kakkaura. Wata haƙoranta manya, wata ƙanana a matse. Ya nuna mini biyu masu kauri ɗaya, ido ba ya raba su, amma ɗaya haƙori goma sha huɗu gare ta a inci, ɗayar goma sha takwas. In ka haɗa kan wannan da gindin waccan, zai shiga murɗa ɗaya ko biyu, ka ɗauka ka dace, sai ya cije. Ƙusar Baba kuwa kakkaura ce, haƙoranta manya, kuma ba cikin tagulla take shiga ba, cikin icen kai tsaye.

Na gwada duka, suka ƙi. Na ƙarshen ya ɗan kama, abokina ya ce a shafa giris a matse. Na fara matsewa, mai shago ya fizge.

"Malam, sanda ce ba murfin jarka ba. In ka tilasta ta, ta cinye ramin, ka kashe mini kaya, kai ma ba ka samu ba. Wa ya ba ka wannan gindin? Ba na sa'arka ba ne."

Na ce na babana ne. Ya dube ni, ya dubi gindin. Sai ya ce akwai tsohon kulob ɗin ma'aikatan auduga a bayan gari, in da rabo can ne kawai. Shi dai, in ji shi, ko da rana ba ya zuwa.

Muka ci waina da miyar taushe, muka yi azahar, muka kama wata hanyar burji da ciyawa ta cinye rabinta. Kulob ɗin na tsakiyar manyan itatuwan maɗaci, kwanonsa ya yi ja. Rana tsaka ce, amma muna shiga inuwar nan sanyi ya ratsa ni. Abokina ya ce shi zai tsaya gadin babur, ko da yake babu mahalukin da zai sace shi. Wata tsohuwa na zaune a baranda tana ɓarar gyaɗa. Mijinta ne ke kula da wurin a da, ya rasu, ita ta ci gaba da riƙe makulli ba wanda ya sa ta. Na gaishe ta, na ce kan sanda nake nema. Ta dubi buhun ta tashi.

Ɗakin na warin jemage da tsohon ice. A tsakiya ga teburin sinuka an lulluɓe shi da farin ƙyalle daga kai har ƙafa kamar gawa, sai da na kau da ido. A jikin bango kuwa kawunan sanduna ne a jere, kowanne rataye da zare, babu gindi ko ɗaya. Ba ƙura a jikinsu, don takan shafe su da mai. Tagogi a rufe suke, amma ina kallo suna ɗan lilo.

Ta ce al'adar wurin ce. In an yi wa ma'aikaci canjin wuri, ko aiki ya ƙare, sai ya kwance sandarsa, ya rataye kan a nan, ya tafi da gindin. Ma'anarsa bai bar ƙasar ba, zai dawo ya buga. Kuma ba ya tsoron wani ya ɗauka, tunda kan wani ba ya hawa gindin wani. Ta riƙa nuna mini su kamar tana gabatar da baƙi: wannan na akawu ne, wannan na direban manaja, wannan na wani dogon Bature. Tsakanin su akwai gurabe, ƙusa da guntun zare kawai. Na tambaye ta.

"Waɗannan sun zo sun ɗauki nasu. Wanda ya zo ɗauka, ɗana, sallama ya zo yi. Wani ya koma garinsu, wani ya koma ga Allah. Ban ƙara ganin ko ɗaya ba."

Ya kamata a nan in juya. Na san 'ya'yan Baba sun daɗe suna jan sa ya koma kudu wurinsu, yana ƙi. Amma Juma'a kawai nake gani a gabana. Na fara saukowa da su ina gwadawa. Wani ya ƙi shiga sam, wani ya yi lako-lako, wani ya cije. Can kusa da kwana na ɗauko wani da ya yi duhu don tsufa. Ina ɗora shi ya kama, ya riƙa tafiya a hannuna lumui, kamar wani ke murɗawa daga ɗaya ɓangaren, har bakin ya haɗe ba ko tsaga. A daidai lokacin na ji ƙwallo ya gangara a ƙarƙashin ƙyallen teburin, ya bugi wani, ƙas. Wataƙila ɓera ne. Ban ɗaga na duba ba.

Tsohuwar ta ce, "Na mai sikelin auduga ne. Yana raye?"

Na ce, "Yana raye, Inna."

"Shi ya aiko ka?"

Na ce shi ne. Allah Ya yafe mini, ko ƙifta ido ban yi ba. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kwance guntun zaren daga jikin kan, ta mayar da shi ƙusar, ta ce, "To ka ce masa na yafe masa, shi ma ya yafe mini." Na miƙa mata ɗan abin goro, ta ƙi karɓa. Ta ce ba a sayar da sallama.

A hanyar dawowa ban ga komai ba, ko da yake hanyar ce dai. Abokina ya saya mana rake a Bakori, nawa ya iso gida ban taɓa shi ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa maganar tsofaffi ce, ice kuma ice ne, kuma saƙon nan ba zan isar da shi ba. Mun shiga Funtuwa ana kiran magariba.

Ran Juma'a da la'asar Baba ya zo rumfa, ido ɗaya a rufe da auduga. Na miƙa masa rabi biyun ina yi masa barka da asibiti. Ya zauna, ya ɗora kan, ya murɗa. Bai kai ƙarshe ba ya tsaya. Ya shafa icen da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, sannan ya ƙarasa murɗawa a hankali. Kan da na fasa, ashe, wani ne ya sassaƙa masa daga baya.

Ya ce, "Tana nan?"

Na ce tana nan.

"Me ta ce?"

Na durƙusa na faɗa masa komai, cacar, da fushin, da ƙaryar da na yi da sunansa. Na ce gobe-goben nan zan mayar da shi in rataye. Ya girgiza kai.

"Ba shi na tambaye ka ba, yarona. Me ta ce?"

Na faɗi saƙon. Wasan da ake yi a teburi ya tsaya. Sannan ya ce, "Na yafe." Ya ce duk lokacin da yaransa suka matsa, abin da yake gaya musu ke nan: rabin sandarsa na rataye a Malumfashi, mutum ba ya tafiya ya bar rabinsa. Ya ce, "Yanzu kuma ga shi ya biyo ni har gida. Wanda ya kawo shi ba shi ne abin dubawa ba." Na roƙe shi ya zage ni, ya ƙi. Ya ce in jera ƙwallaye. Muka buga, ya cinye ni da ido ɗaya, ya kwance sandar ya sa duka biyun a jakarsa.

Mako bai zagayo ba mota ta zo ta kwashe kayansa. Ni na ɗaure masa katifa a saman motar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na koyi cewa kafin ka nemi kan sanda, sai ka duba kaurin ƙusar da haƙoranta, kuma abin da ya cije ba a matsa masa. Na kuma koyi cewa da ran da na fasa ta na jira Baba na ce, "Na ci amanarka," da zagi zan sha, ko mari, mu kai gindin wurin mai sassaƙa, shi ke nan. Na guji kunyar yini ɗaya, na yi wa mutum sallama da ƙasar da ya tsufa a cikinta ba da izininsa ba. Na daina caca. Lahadi kuma, daga an taso daga coci, nakan rufe rumfa in tafi gida.