Akwatin Mahaifiyar Gwamna

Ranar Talatar, ɗana Fahardin, gwamnan tsibirinmu, ya kira ni da ƙarfe shida da rabi na safe, kamar kullum.

"Dakta, farar ƙwayar ce kafin karin kumallo ko jar?"

"Farar. Shekara huɗu kana wannan tambaya."

Ya yi dariya ya kashe wayar. Ƙarfe takwas ya shiga ofis. Sha ɗaya ya buɗe famfo a wani ƙauyen kan tudu. Ƙarfe ɗaya ya ci ganyen rogo da madarar kwakwa a gidan yayata Mwanaesha, a kan tabarma, ya yi awa biyu har da gyangyaɗi. Ƙarfe huɗu ya biyo shagon magungunana na auna masa jini. Minti tara ya yi, direba bai ma kashe mota ba. Washegari da hantsi zuciyarsa ta tsaya yana tsakiyar taro da masunta. Shekararsa arba'in da bakwai.

Mwanaesha ta girme ni da shekara shida, ba ta taɓa shiga aji ba. Tun tana ƙarama take tsinkar furen ilan-ilan da sassafe, ana kai wa masu turare. Aure biyu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da na samu gurbin karatun haɗa magunguna a Antananarivo, Fahardin yana wata takwas, na ajiye mata shi. Da na dawo Komoro ya kai shekara bakwai, na miƙa hannu ya ɓuya a bayan zanenta. Tun ranar ita ce Mama, ni Dakta.

Takararsa ta farko ya sha ƙasa. Aka ce ɗan 'yar boko ne, bai san zafin rana ba. A ta biyu sai ya hau dandamali da Mwanaesha, ya ɗaga tafin hannunta mai faso ya ce, "Ga wanda ya ciyar da ni." Ya lashe zaɓe. Ranar rantsar da shi tana kusa da shi, ni ina layi na uku. Da ƙarya ya yi, da na samu abin riƙewa. Bai yi ba.

Duk shekara takan ɗinka masa hula, wata biyar tana huda ta da allura. Bai taɓa fita taro da wata hular ba.

Kwana tara bayan rasuwar, aka kwashe kayansa na ofis a akwati ɗaya. Direban bai tambayi kowa ba, ya kai gidan Mwanaesha. Ta aiko aka kira ni.

"'Yar boko, zo ki karanta mini. Me suka rubuta a kai?"

Daga ni sai ita a ɗakin. Duk abin da na faɗa, shi ke nan.

"Mahaifiyar Gwamna," na ce.

"To ki buɗe mana. Ai ke ce ta takarda."

"Yaya, gidanki suka kawo."

"Direba ya san hanyar da ake cin abinci ne. Buɗe, kafin hawayena su dawo."

Riguna muka aika masallaci. Takardu muka mayar ofis. Huluna goma sha ɗaya ta jera a cinyarta, tana faɗin shekarar kowacce. Na jira ta miƙo mini ɗaya, ban roƙa ba, ita kuma ba ta ɗago kai ba.

A can ƙasa akwai 'yar robar ƙwayoyinsa mai gida bakwai, da sunayen ranaku da na rubuta da hannuna. Gidan Laraba babu komai, ya sha. Alhamis zuwa Lahadi cike suke.

"Wannan kam naki ne," in ji ta.

Ta ɗaure hulunan a ɗankwali ta sa ƙarƙashin matashinta. Robar tana aljihun teburina a shago. Ƙwayoyin sun wuce wa'adi tun watan Maris, na san ƙa'ida, ban zubar ba.