Hannun da Ya Tuƙa Tuwon Suna

A shekarata ta biyu a birnin Guangzhou na ƙasar China na aro wani kundin waƙoƙin Indiya daga laburaren jami'a. Mawaƙan irin waɗanda ake kira hijira ne a can, wato mutanen da aka haifa maza suke rayuwa a matsayin mata. Waƙa ɗaya ta tsaya mini a rai: ana gayyatar su gidan haihuwa, a miƙa musu jariri su sa masa albarka, suna fita a wanke kofin da suka sha ruwa.

Na ce a raina mutanen Indiya ba su da tausayi. Mu kam alhamdulillahi.

A lokacin nakan ci tuwo a saman wani bene a unguwar Xiaobei. 'Yan kasuwa ɗan daudu suke ce wa mai girkin. Ita kuwa Hajiya take so a kira ta, haka nake kiran ta ƙasa-ƙasa. Tsoron Allah ya hana Alhazan gaisawa da hannunta, amma bai hana su suɗe abin da hannun ya tuƙa ba.

Da matar wani Alhaji mai harkar kago, wato jigilar kaya, ta haihu, Hajiya aka ba girkin suna. Abu ɗaya ta roƙa: ta ga jaririn, ta yi masa addu'a. Tun da danginta suka kore ta daga Kano ba ta sake riƙe jariri ba. Har 'yar hula ta sayo masa a kasuwar Shahe.

Ranar suna ni na taya ta hawa da kuloli. Alhaji ya tare ƙofa.

"Ajiye nan. Akwai malamai a ciki."

Hajiya ta ce, "Alhaji, leƙawa kawai zan yi."

"Kai, ka san dai yadda abin yake."

Malaman suka ci, suka yi wa tuwo kyakkyawar shaida. Ni na ɗauki kwanona na same ta a matattakala, hular na cinyarta. Ban iya lallashi ba, sai na ba ta labarin waƙar, har wankin kofin.



"Ɗan boko, ka ce har jaririn ake miƙa musu?"

"Haka aka rubuta."

"A hannu?"

"A hannu."

"To ai sun more."

Ƙofa ta buɗe, Hajiya ta miƙe da sauri tana gyara hular. Alhaji ne, yana tambaya ko akwai sauran miya.