Littafin da Ya Tokare Ƙafar Tebur

Malam Yamusa daga baya yake fara karanta littafi. Shekara talatin yana koyar da tarihi a wata sakandare a Lugbe, kuma duk wanda ya ratsa ajinsa ya san dokarsa: fara duba ƙarshe, ka ga inda marubucin ya samo zancensa. In bai faɗa ba, tatsuniya ce aka yi wa bango.

Da ya yi ritaya sai ya duƙufa kan littattafan jiragen yaƙi masu nutsewa ƙarƙashin teku, shi da ko tekun bai taɓa gani ba. Ba sha'awa ce ta kai shi ba. Kakansa soja ne a yaƙin duniya na biyu. Ya shiga jirgin ruwa a Ikko, aka ce an harbo su daga ƙarƙashi, shi ke nan. Mahaifiyar Yamusa, Hansatu, tana goye a lokacin. Yanzu ta haura tamanin, idanu sun tafi, tambayarta ɗaya ce: ruwa ya ci Baba, ko ya fita?

Shekara shida yana bin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, har ya gaji da su, su ma suka gaji da shi. Littattafai biyu kacal suka ambaci jirgin. Na farko ya ce kowa ya tsira, amma ba madogara ko ɗaya, hoton jirgin ma na wani ne daban. Don haushi ya tokare ƙafar teburinsa da shi. Na biyu kuwa bai bar komai ba: rana, ƙarfe nawa, rahoton wanda ya yi harbin, sunayen Turawa tara da suka mutu. Sai layi ɗaya a ƙasa: da 'yan Afirka kimanin arba'in. Wannan ne mai gaskiya, ya sani, kuma sanin ya ƙona masa rai.

Wata Laraba da hantsi Hansatu ta sa aka kawo ta ɗakinsa. Ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta tambaye shi wanne ne ya ce sun fita.

"Inna, wannan ba shi da hujja."

"Mai hujjar ya rubuta sunan Baba?"

Ya ce a'a.

"To karanta mini wancan."

Yamusa ya durƙusa da ƙyar, ya zaro littafin, ya kaɗe shi. Teburin ya karkace, shayinsa ya malale a kan ɗaya littafin. Bai goge ba. Ya buɗe daga shafin farko, ya fara fassara mata.