Nababa mai wake da buhu mai riga uku

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Zakirai ya san Nababa mai wake. Gajere ne mai ɗan tumbi, hularsa kullum a karkace, kuma ba ya rabuwa da wani ƙarfe mai rami da tsini a baki, irin wanda 'yan hatsi ke soka wa buhu don su ga abin da ke ciki. Shi nasa har suna ya raɗa masa, wai Likita. In ya wuce buhu bai caka masa ba, ranar nan tuwo ba ya yi masa daɗi. Matarsa Aina'u ta ce ko matashin kai sai ta ɓoye in ya shigo ɗaki.

A gidan noma aka haife shi, amma shi da fartanya gaisuwa ce kawai. Tun yana saurayi ya gane cewa wanda ya ajiye wake daga kaka zuwa bazara ya fi wanda ya noma shi samu. Ubansa da toka da barkono yake ajiya a tukunya. Nababa ne ya fara kawo ƙwayar maganin ƙwari garin, wadda ake ƙullawa a tsumma a cusa cikin buhu. Tsofaffi suka yi ta gunaguni, shi kuwa ya yi musu dariya, ya gina sito na bulo, ya fara kai kaya birni. A can ya haɗu da Alhaji Kolo, wani Babarbare da ya daɗe a Kano yana loda wake zuwa Kudu. Tun daga nan, kowace bazara motar Alhaji sai ta tsaya a ƙofar gidansa. Motar nan ita ce rufin asirinsa, ita ce kuma ta sa ake matsa masa a tabarma in ya zo majalisa.

Wata kaka Alhaji ya kira shi a waya. "Malam Nababa, mutanen Kudu sun fara shinshina wake. In suka ji warin magani sai su dawo min da kaya. Bana mara magani nake so. In babu, zan duba wani wuri."

Nababa ya ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, Alhaji." Ya kashe waya.

Ya san hanyar, abin da ya hana shi barci ke nan. Susanna, shugabar zumuntar mata ta cocin da ke bayan gari, ita da ƙawayenta sun koyi ajiya a wani sabon buhu da malamin gona ya nuna musu: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. In an ɗaure, iska ba ta shiga, ƙwaro ya shaƙe ya mutu. To shekarar da ta wuce, babu wanda ya kai Nababa yi musu ba'a. Har tare ta ya yi a hanyar kasuwa, gaban mutane, ya ce, "Maman Levi, in ledar ta ƙare ki aiko, akwai ta burodi a gidana."

Ta ɗan rusuna ta ce, "To Baba, Allah ya kai mu bazara."

Mutumin da ya faɗi haka, da wane baki zai je ya ce a koya masa? Sai ya hau mota ya tafi birni ya sayo buhunan, ya naɗe su cikin tsohuwar tabarma, wai shi kada a gani. Mai sayarwa ya fara yi masa bayani, "Baba, kowace leda ɗaurinta daban, kuma kada..."

"Kai, ina ɗaure buhu tun ba a yi auren babanka ba," in ji Nababa, ya ɗauki kayansa.

A faɗi gaskiya, ɗauri ya ɗauru. Ya shanya waken, ya sheƙe, ya matse iska, ya tamke bakin kowace leda har igiya ta yanke shi. Ya jera su a sito, ya tsaya yana kallo. Sai hannu ya fara ƙaiƙayi.

Ya zaro Likita ya caka wa buhun farko. Wake ya gangaro fari tas. Ya goga babban yatsa a wurin, zaren buhu ya koma ya rufe kamar ba a taɓa ba, yadda yake yi tun ƙuruciya. Abin da ido ya gani ya rufe, to shi ke nan. Baƙo ya zo, a caka a nuna masa. An dawo daga masallacin Juma'a, a caka a ga ko lafiya. Da ya fara ganin ƙwaro ɗaya biyu sai ya ce waɗannan tun daga gona suka shigo, suna kan hanyar mutuwa. Ya ƙara yawan caka don ya ga ko sun mutu ɗin.

Aina'u ta ce, "Malam, ina jin wani ɗan ƙara a sito, kamar ana yayyafi."

"Ki ji da tukunyarki," ya ce.

Bazara ta yi, motar Alhaji ta iso da hantsi. Maƙwabta suka taru kamar kullum, har Badaru mai shayi ya bar tebur ya zo. Nababa ya kwance buhun farko da kansa. Wani gari ya tashi, ƙwari suka yi ta hawa hannun rigar Alhaji. Aka kwance na biyu, aka kwance na uku. Alhaji ya zazzage buhu guda, ya zaro ledar ciki ya ɗaga ta ga rana. Ta zama rariya, kuma hudojin duk girmansu ɗaya.

Badaru ya leƙa ya ce, "Lallai ƙwaron bana da maƙeri yake yawo."

Nababa ya mayar da hannu baya yana tura ƙarfen cikin riga. Da Alhaji faɗa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Amma sai ya karkaɗe hannun riga ya ce, "Allah ya mayar da alheri. An ce min akwai wata mata a nan da suke wannan ajiya. Direbana bai san gidan ba."

Nababa ya duba dama, ya duba hagu, babu wanda ya motsa. Shi ya shiga gaban mota, yana nuna hanya da yatsa, kansa a ƙasa, suka ratsa gari ana kallo.

Susanna ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa. Aka buɗe buhunanta, wake yana sheƙi, babu wari babu huda. Alhaji ya ɗebo ya miƙa wa Nababa. "Kai ne masani, duba min."

Nababa ya juya shi a tafin hannu, ya ciza ɗaya. "Yana da kyau," ya ce.

Labari ya riga motar isowa. Susanna ta matso ta ce a hankali, "Sannu Baba. Me ya samu naka?"

"Ɓera ne."

"Ɓera ne, Baba," ta ce. "Ai sun yi yawa bana." Matan da ke bayanta suka ja mayafi suka rufe baki. Bai iya shan ruwan ba.

Waken nasa a mudu-mudu ya ƙare, wajen masu tumaki. Ya ɗan daɗe bai leƙa majalisa ba, wai ƙafa ke damunsa. Da kaka ta zagayo ya sake sayen buhunan, wannan karon ya tura Aina'u gidan Susanna, a kan cewa ita ce ke son koyo. Alhaji Kolo bai yar da shi ba, amma ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa yanzu zumuntar mata ce gaba, don kayansu ne mutanen Kudu ke tambaya, har matan garuruwan kusa sun shigo ciki. In mota ta rage wuri, za a tsaya a ƙofarsa. Bazarar da ta wuce an rage ɗan wuri can ƙarshen bodi. Nababa bai jira 'yan dako ba, da kansa ya kinkimo buhunan ya loda, kafin direba ya canza shawara.