Gaisuwar safe ta cikin waya

Ɗiyata ba ta cika shekara uku ba ta riga ni sanin hanyoyin wayata. Ban koya mata ba. Ina dama koko a gidanmu na Zariya, ita tana zaune kan tabarma tana shafa gilashin da ɗan yatsanta mai maiƙo, har ta kai ga hoton mahaifina.

Shi manomi ne a Jiratawa. Bai iya rubutu ba, amma kowace safiya sai ya aiko da saƙon murya daga lambu. A bayan maganarsa ana jin ruwa yana bin kunyoyin albasa, tsuntsaye na ta hayaniya. Ina lumshe ido in ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kamar ina can.

Yarinyar ta ga yadda ake gaida manya, don haka ba ta danna saƙon a tsaye. Sai ta jingina wayar da turmi, ta durƙusa, sannan ta taɓa.

"Amaryata, kin kwana lahiya? Mi kika ci?" in ji tsohon, da irin tsokanar kaka da jika.

"Lahiya lau. Koko da ƙosai," take amsawa, tana jira ya yaba.

Da damina ya rasu. Na kasa gaya mata, kuma ban ga laifina ba a lokacin. Ta ci gaba da buɗe saƙonsa na ƙarshe kullum, ni kuwa ina juya baya ina share hawaye da bakin zane. Muddin tana amsa masa, a ganina yana nan tsakanin kunyoyi, ruwa na gudu a ƙafafunsa.

Wata safiya ta ɗago kai, fuska a murtuke.

"Inna, Kaka ya bar jin magana. Jiya na hwaɗa mishi, yau ma shina tambaya."

Na sauke ludayi, na ɗora ta a cinya, na gaya mata gaskiya da kalmomin da na samu. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi.

Washegari ta sake ɗaukar wayar. Ya tambaye ta abin da ta ci. Ta yi shiru, ta saurara har ƙarar ruwan ta ƙare, sannan ta miƙo mini wayar.